Amfilifaya Ajin A: A Yi Lissafin Wuta da Zafi Kafin a Ɗauki Dalma

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman alfarmar fili a wannan jarida domin in yi magana da matasanmu masu koyon gyaran rediyo da kayan sauti, da ɗaliban kwalejojin fasaha, a kan aikin da da yawansu ke sha'awa amma yake cinye musu kuɗi a banza, wato haɗa ƙaramar amfilifaya irin wadda ake kira ajin A. Zanenta ya cika intanet, kayanta ba su taka kara sun karya ba, sai yaro ya ɗauka aikin yini ɗaya ne. Ya haɗa, ya kunna, sauti ya fito garau. Kafin rabin awa sifika ta fara ƙugi, taransifoma ta yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, daga nan taransisto ya mutu. Masu zana waɗannan zane-zane suna zaune ne a ƙasashen da ɗaki ba ya wuce digiri 25, wutar gari kuma ba ta motsi daga inda aka ajiye ta. Mu ba haka muke ba, kuma duk wanda bai sake lissafin tushen wuta da na zafi da yanayinmu ba, asara zai yi.

Amfilifayoyin kasuwa, 'yan ajin AB da ajin D, suna jan wuta ne gwargwadon ƙarar da aka buɗe. 'Yar ajin A kuwa taransistocinta na fitarwa a buɗe suke kullum, suna jan wuta iri ɗaya ko ana kiɗa ko an yi shiru, kamar murhun da aka cika da itace, ko an ɗora tukunya ko ba a ɗora ba ci yake yi. Ribar hakan ita ce babu lokacin da taransisto ɗaya zai kashe ya miƙa wa ɗan'uwansa aiki, don haka babu ɗan kaushin nan da ake samu a wurin miƙawar, wanda ya fi fitowa idan an rage murya. Farashin kuwa zafi ne da cin wuta. Ko a takarda, ajin A mai taransisto biyu masu taimakon juna ba ya mayar da fiye da rabin wutar da ya ci ta zama sauti, mai taransisto ɗaya kuma kashi 25 cikin ɗari ne iyakarsa. A aikace bai kai haka ba.

Zanen da ya fi dacewa da mai koyo shi ne wanda injiniya ɗan Ingila, John Linsley-Hood, ya wallafa a mujallar Wireless World a watan Afrilun 1969. Taransisto huɗu ne kacal, yana ba da wat 10, kuma har yau ana haɗa shi a faɗin duniya. Ga sifika mai om 8 ya ce a ba shi bolt 27 da amfiya 1.2. Ga mai om 3, bolt 17 da amfiya 2. Ga mai om 15, bolt 36 da amfiya 0.9. Ya kamata mai koyo ya san daga ina waɗannan lambobi suka fito, domin da su zai zaɓi komai. Wat 10 a kan om 8 na bukatar sauti mai tsinin bolt 12.6 sama da 12.6 ƙasa, jimla 25.3, a ƙara kusan bolt 2 da taransistoci ke riƙewa, an sami 27. Tsinin amfiyar da sifika za ta ja shi ne 12.6 a raba da 8, kusan 1.6. Tunda taransistoci biyu ke raba aikin, rabin wannan ne mafi ƙarancin abin da za a bari yana gudana kullum, Linsley-Hood kuma ya ɗaga zuwa 1.2, ƙarin da ke da amfani tunda om ɗin sifika na sauka ƙasa da abin da aka rubuta a wasu muryoyin. To, 27 sau 1.2 ya ba da wat 32 na zafi a ɓari ɗaya, wat 65 idan an haɗa na hagu da na dama, daga lokacin da aka kunna har a kashe.

Haɗin kansa ga yadda yake, ta ƙafafun taransisto uku, wato kolekta da bes da emita. Taransistocin fitarwa biyu, 2N3055 ko TIP3055 ko MJ15003, ana jera su ɗaya bisa ɗaya: kolektar na sama a layin wuta, emitarsa ta haɗu da kolektar na ƙasa, emitar na ƙasa a layin ƙasa. Mahaɗarsu ita ce tsakiya, daga nan kafasita mai 2,200µF ko 3,300µF take kai sauti ga sifika, ƙafarta mai alamar tarawa tana kallon tsakiyar. Mai tura su taransisto ɗaya ne, BD139 ya wadatar a yau. Kolektarsa na zuwa bes ɗin na sama, emitarsa na zuwa bes ɗin na ƙasa tare da razista 2.2k, wato om 2,200, zuwa ƙasa. Daga layin wuta razista biyu a jere, mai om 100 sannan mai om 560, suke kawo wuta ga kolektarsa, kuma daga mahaɗar razistocin nan biyu kafasita mai 220µF take komawa tsakiya. A mashiga akwai taransisto na huɗu, 2N3906. Kolektarsa na zuwa bes ɗin BD139 tare da razista 8.2k zuwa ƙasa. Emitarsa na komawa tsakiya ta razista 2.7k, sannan razista mai om 220 da kafasita mai 220µF a jere zuwa ƙasa. Waɗannan biyun su ke sa sauti ya ninku sau 13, don haka bolt 0.66 daga waya ko kwamfuta ya isa ya cika ta. Bes ɗinsa na karɓar sauti ta kafasita mai 0.47µF, wutarsa kuma ta 39k da 100k a jere daga sama, da wata 100k zuwa ƙasa, da kafasita mai 100µF daga mahaɗar 39k ɗin zuwa ƙasa. Kada a raina wannan ta ƙarshen, ita ke hana dattin layin wuta shiga mashiga.

A kula da ƙafafu. Idan aka fuskanci shafaffen gefen 2N3906, jerinsa emita, bes, kolekta ne. BC557 da wasu ke sa wa a madadinsa a juye yake: kolekta, bes, emita. BD139 kuma emita, kolekta, bes. Wannan ɗan bambanci ya kashe aikin mutane da yawa.

Inda zanen yake da tarko shi ne razistar nan mai om 560. Wutar da ke bi ta cikinta, kimanin miliamfiya 19, ita ke rabuwa tsakanin bes ɗin taransistocin fitarwa biyu, kowanne ya ninka rabonsa gwargwadon ƙarfin ninkinsa, abin da takardar bayani ke rubutawa hFE. Idan ninkin ya kai 125 za a sami amfiya 1.2. Idan 60 ne, kamar yadda wasu 2N3055 suke, rabin haka za a samu, sauti ya riƙa fashewa tun kafin a kai wat 6. Saboda haka 560 ba doka ba ce, kowane mai haɗi sai ya nemo tasa. A sa razista mai om 220 a jere da mai juyawa ta 1k, a fara daga can ƙarshen da ya fi tsauri, a riƙa sassautawa har amfiya ta kai inda ake so, sannan a cire a auna da mita a maye gurbinsu da tsayayyar razista mai wat 1. Barin mai juyawar a ciki ganganci ne, ƙura ko zafi na iya sa ta tsallake.

Kuma ramin auna hFE da ke jikin mita ba ya faɗin gaskiyar babban taransisto, don da 'yar wuta kaɗan yake aunawa. A ɗaure taransiston a ƙarfen shan zafi, a kai bolt 12 ga bes ta razista 1k, a kai bolt 12 ga kolekta ta cikin mita a ma'aunin amfiya 10, emita a ƙasa, na 'yan daƙiƙoƙi. Bes na shan miliamfiya 11.3, idan mita ta nuna amfiya 1.1, ninkin kusan 100 ne. A zaɓi biyu masu kusanci da juna. In ba a samu ba, wanda ya fi ninki a sa shi a ƙasa. Wannan gwaji yana tona asirin jabu ma, waɗanda suka yi yawa a kasuwa. Duk wanda ya sayi 2N3055 da yawa, ya sadaukar da ɗaya ya yanke murfinsa da zarto: na jabu za a ga ɗan tsiton ƙwaya a manne da farin gam da siraran wayoyi. Irin wannan yana iya rayuwa a amfilifayar ajin AB shekara guda, a ajin A ba ya kwana. Taransiston da aka ciro daga tsohuwar amfilifaya ko matacciyar inbata sau da yawa ya fi sabon kanti aminci.

Sai zafi. Ana auna ƙarfen shan zafi da yawan digirin da yake hawa a kan kowane wat. Ba ma son ya wuce digiri 65. A ɗakin da ke digiri 25 akwai tazarar 40, a raba da wat 32, ƙarfe mai digiri 1.25 a kowane wat ya isa. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, inda ake haura digiri 40 a inuwa, balle shago mai rufin kwano, tazarar 25 ce kawai, sai mai digiri 0.8 ko ƙasa da haka. Wato alminiyum mai faɗin kimanin santimita 20, tsayi 12 zuwa 15, haƙora masu zurfin santimita 4, ga kowane ɓari. Haƙoran su tsaya a tsaye, a wajen akwati, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama. A cikin taransiston kuma zafin ya fi haka: 2N3055 na ƙara digiri 1.5 a kowane wat daga ƙwaya zuwa jiki, maika, wato siririn fallen da ke hana wuta wucewa, da farin man zafi su ƙara kusan 0.6, a kan wat 16 na kowane taransisto an sami ƙarin digiri 34, ƙwayar na wajen digiri 100. Wannan lafiya lau ne ga na gaske. Jikin taransiston shi ne kolektarsa, don haka dole a raba shi da ƙarfen da maika, a sa wa kusoshi 'yan robobinsu, a share bakin hujin da aka huda kada tsinin ƙarfe ya fasa maikar, sannan a gwada da mita a tabbatar babu haɗi. Man zafi shafa kaɗan ake yi, yawansa cutarwa ne. Idan ƙarfen bai kai girman ba, fankar kwamfuta mai bolt 12 da aka ba ta bolt 7 tana juyawa shiru kuma tana rage zafi sosai, amma wanda ya dogara da fanka ya ɗaura makunnin zafi KSD301 mai yankewa a digiri 75 a jikin ƙarfen, domin ƙurar hunturu na tsayar da fanka ba tare da sallama ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, tushen wuta. Kowa ya san hanyar gargajiya: taransifoma, gadar dayod mai mayar da wutar AC ta zama DC, babbar kafasita. Kafasitar na cika sau 100 a daƙiƙa a wutarmu mai haz 50, tsakanin cika da cika kuma amfilifaya na zuƙe ta, sai wutar ta riƙa rawa. Girman rawar shi ne amfiya sau 0.01 a raba da girman kafasita a farad, farad ɗaya kuwa µF miliyan ɗaya ne. Amfiya 1.2 a kan 4,700µF na ba da rawar bolt 2.5, a kan 10,000µF, bolt 1.2, idan ɓari biyu suka hau kan 10,000µF ɗaya, bolt 2.4. A amfilifayar ajin AB wannan rawa ba ta tasowa sai an buɗe murya, kiɗan kuma ya rufe ta. A ajin A tana nan da cikakken ƙarfinta a lokacin da ɗaki ya yi tsit, wannan zanen kuma ba gwani ba ne wajen tace dattin layin wuta. Shi ne ƙugin da ake ji.

Tara kafasitoci kaɗai ba ya magance ta da arha. Abin da ya fi shi ne a raba su biyu a sa razista a tsakani: 10,000µF, razista mai om 1 wat 5, sannan wata 10,000µF. Kafasita ta biyu tana da tsaurin om 0.16 ne kawai ga rawa mai haz 100, don haka rawar na raguwa kusan sau 6, daga bolt 1.2 zuwa 0.2, a bakin asarar bolt 1.2. Wanda ya fi wannan kuma shi ne a sa taransisto ya yi tacewar. A ɗauki TIP142, kolekta a wutar da ta fito daga kafasita, emita zuwa amfilifaya. Daga kolekta zuwa bes razista mai om 470, daga bes zuwa ƙasa kafasita mai 1,000µF da razista 12k a gefenta. Razista da kafasitar nan na rage rawa kusan sau 300 a kan bes, emita kuma bin bes take yi. Razistar 12k ita ke saukar da bes ƙasa da kwarin rawar. In babu ita, duk lokacin da wuta ta faɗa kwari sai rawar ta tsallako. Haɗin na cin kusan bolt 3, wato wat 4 na zafi, don haka shi ma a ɗaura shi a ƙarfe. A sa dayod 1N4007 a juye daga emita zuwa kolekta, a sa fis mai amfiya 2 a gabansa domin ba shi da kariya idan waya ta haɗe. Ƙarin alherinsa shi ne wuta na hawa a hankali cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, sai bugun nan da sifika ke yi lokacin kunnawa ya yi sauƙi. Kowane ɓari a yi masa nasa.

Taransifoma mai bolt 24 ita ta dace da wannan: 24 sau 1.414 ya kusa 34, gada ta ci 2, nauyi ya sauke ta zuwa 30 ko 31, mai tacewa ya ci 3, saura 27. Mai 12-0-12 ta yi, a ɗauki wayoyin gefe biyu a naɗe ta tsakiya. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a ga amfilifaya na jan amfiya 1.2 sai a sayi taransifoma mai amfiya 1.5. Kafasita ba a hankali take sha ba, fizga take yi a tsinin kowane zagaye, wannan ya sa abin da ke gasa wayar taransifoma ya kai kusan ninki 1.8 na abin da amfilifaya ke ja. Ɓari ɗaya amfiya 2.2 ne, biyu 4.4, wato sama da VA 100 (bolt sau amfiya), kuma babu hutu. A nemi mai VA 150, bolt 24 amfiya 6. Rubutun jikin kwali ba abin yarda ba ne. A jera ƙwan fitilar mota biyu masu bolt 12 wat 55 a bakinta, suna jan kusan amfiya 4.5, a bar ta rabin awa. Idan ta sauka ƙasa da bolt 22 ko ta fara warin fenti, ba ta aikin nan ba ce. Gada a sa KBPC2510 a ɗaure a jikin akwati, don tana fitar da wajen wat 5. Kafasitoci su zama masu bolt 50, masu jure digiri 105, a nesa da ƙarfen zafi, domin kowane ƙarin digiri 10 na rage rabin rayuwarsu. A gefen wutar gari a sa fis mai jinkiri na amfiya 1 zuwa 1.6, akwatin ƙarfe kuma a ɗaure shi da wayar ƙasa. Mai gwada tushen wuta shi kaɗai ya rataya razista 2.2k mai wat 2 a kan kafasita, in ba haka ba tana riƙe wuta bayan an kashe.

Duk wannan lissafi a kan bolt 230 aka yi shi. Idan wutar gari ta faɗo 180, taransifomar na ba da 18.8, amfilifaya ta sami wajen bolt 21, wat 10 ya koma 5 da rabi. Wannan ba ya kashe komai. Hawa shi ne abin tsoro: a bolt 250, ko janaretan da ya yi sama, bolt da amfiya duka suna hawa tare a wannan zane, zafi ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin ɗari, wat 32 ya zama 38. Wasu za su ce a sa mai daidaita wuta irin LM338 mana. Yana aiki, kuma yana share rawa tas, amma yana bukatar abin da ke shigarsa ya fi abin da ke fita da kusan bolt 3 a kowane lokaci. Idan aka zaɓi taransifomar da za ta riƙe shi har a wutar gari mai bolt 200, to ranar da wuta ta kai 250 zai riƙa ƙona bolt 11, wato ƙarin wat 13 a kowane ɓari. A ganina wannan bai dace da mu ba. Mai tacewa na TIP142 bin wutar yake yi sama da ƙasa, asararsa ba ta canzawa sosai. LM317 kuwa da iyakarsa amfiya 1.5 ce, a bar shi ga ƙananan ayyuka.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya ajiye taransifoma tukuna, ya nemi cajar laftof ta asali mai bolt 19 amfiya 3.42. Tana karɓar wutar gari daga bolt 100 zuwa 240 ta fitar da 19 ba tare da motsi ba, babu ƙugin haz 100 na a zo a gani, kuma mai koyo bai taɓa wayar wutar gari da hannunsa ba, wanda shi kaɗai ma dalili ne babba. Masu cewa irin wannan tushen wuta bai dace da sauti ba suna tunanin ajin AB ne mai fizgar wuta. Ajin A nauyi ɗaya yake ɗora mata, abin da ta fi so ke nan. A bolt 19 tsinin sauti 8.5 ne, wat 4.5 a kan om 8. A tsayar da amfiya a 0.8, zafi ya dawo wat 15 a ɓari, ƙarfe mai digiri 1.6 a kowane wat ya isa, rabin girman na farko. Razistar 560 za ta koma wajen 470 idan ninki 100 ne, wajen 270 idan 70 ne. Ɓari biyu na jan amfiya 1.6, rabin ƙarfin cajar. Mai son ƙari ya nemi akwatin wuta mai bolt 24 amfiya 5 ko 6.5 irin na kyamarorin tsaro da fitilun ado, ya sami wat 7.5, yawancinsu suna da ɗan abin juyawa da ke ɗaga su zuwa wajen 26.

Matsalolin caja da akwatin wutar nan uku ne. Idan aka jibga musu kafasita mai 10,000µF a baki, suna ɗauka waya ce ta haɗe, sai su riƙa kunnawa suna kashewa. 2,200µF bayan razista mai om 0.22, da ƙaramar 100nF a gefe, sun isa su tace tsiwar da suke fitarwa. Na biyu, idan soket ba shi da wayar ƙasa, jikin akwati na ɗan cizon hannu kuma zizar na shiga sauti, don haka a nemi caja mai ƙafa uku da soket mai wayar ƙasa ta gaske. Na uku, cajar jabu marar nauyi ba ta iya amfiya 1.6 na awanni, da ita gara babu.

Masu sola suna da tushen da ya fi kowanne tsabta. Batir biyu masu bolt 12 a jere na ba da bolt 25 zuwa kusan 29 lokacin caji, daidai wurin da zanen yake so. Sai dai a yi saitin amfiya a lokacin da batir ya cika da rana, kada a yi da dare sannan rana ta ɗaga shi. A sa fis a gindin batir. A kuma san cewa amfiya 2.4 na nufin batir masu amfiya-awa 100 za su kai rabi cikin kusan awa 20 ko babu abin da aka saurara. Wasu na'urorin caji da inbata suna zuba ƙara a layin, mai tacewa na TIP142 yana maganinta. Batir ɗaya mai bolt 12 kuwa wat 1.5 kawai zai bayar a om 8.

Akwai ƙugin da ba na rawar wuta ba, na jeren waya ne. Wayoyi daga taransifoma zuwa gada zuwa kafasita ta farko su zama gajeru, masu kauri, a murɗe su biyu-biyu. Kada a ɗauki layin ƙasa na amfilifaya daga ƙafar kafasita ta farko, inda fizgar caji ke wucewa. A ɗauka daga ta ƙarshe, a yi mahaɗa guda, ƙasan sifika da na allo da na mashiga kowanne ya zo da wayarsa. Kunne na iya bambancewa: ƙugi mai taushi mai zurfi na haz 50 ne, daga maganaɗisun taransifoma ko zagayen wayar ƙasa, a matsar da ita nesa da mashiga ko a juya ta, mai kaushi mai zizar na haz 100 ne, daga tacewa ko gurguwar mahaɗa.

Ranar kunnawa ta farko kada a sa sifika. A haɗe mashiga da ƙasa, a sa razista mai om 8 wat 20 a mafita, a jera ƙwan mota mai bolt 12 wat 21 a layin wuta. Idan ya haska fau ya tsaya, akwai haɗewa, a kashe a duba. In ja-ja kawai ya yi, a cire shi a sa razista mai om 0.1 wat 5 a gurbinsa. Milibolt 120 a kanta na nufin amfiya 1.2, milibolt 80 na nufin 0.8. A auna tsakiya, ta zama rabin wutar layi. In ba ta kai ba a rage 100k ta sama, in ta wuce a ƙara. Ninkin taransisto na hawa da zafi, don haka amfiyar da aka gani da sanyi ba ita ba ce. A fara da kashi uku cikin huɗu na abin da ake so, a jira rabin awa, a gyara, a rufe akwati a sake jira. Idan tana ta hawa ba ta tsayawa, ƙarfen ya yi kaɗan. Idan kuma tana tsalle duk lokacin da aka kai yatsa kusa da mashiga, amfilifayar na kaɗawa ne a muryar da kunne ba ya ji, abin da ya fi faruwa da taransistoci masu sauri irin 2SC5200 ko dogayen wayoyi. A gajarta wayoyin taransisto ƙasa da santimita 10, a sa 220µF da 100nF a layin wuta a kan allon kansa, a sa razista mai om 10 da 100nF a jere daga mafita zuwa ƙasa. Daga ƙarshe a auna mafita a ma'aunin AC: milibolt 1 zuwa 2 ya yi, fiye da 5 za a ji shi da dare.

A duba bayan sifika kafin a jona. Da yawa daga cikin na kasuwa da na mota masu om 4 ne, su kuma amfiya suke so, ba bolt ba. A bolt 19 tsinin jansu ya haura amfiya 2, sai an ɗaga saiti zuwa 1.5, zafi ya koma wat 28 a ɓari, kafasitar mafita ta zama 4,700µF, caja kuma sai mai amfiya 4.74. Wat 4 ko 5 a kan sifika mai ƙarar desibel 90 a wat ɗaya ya cika ɗaki har a nemi ragewa, musamman tsofaffin manyan akwatunan nan masu sauƙin turawa. Amma mai neman abin biki, ko hon ɗin masallaci, ko wanda kowane wat na batirinsa ke da lissafi, ya sayi allon ajin D irin TPA3116, shi ne daidai da bukatarsa.

Wassalam.

Naka,
Mai gyaran kayan sauti,
Zariya.